Na'urar Dokta Ta Ce Ba Ni Na Haife Ta Ba

Kashi na ɗaya

Assalamu alaikum matan wannan shafi, har da mazan da ke laɓe suna karantawa, su fita waje su ce ba ruwansu da labarin mata. Sunana Delu. A New Bell nake, nan Duwala, gida mai koren ƙyaure kusa da masu gasa soya, tsiren garin nan, wanda duk damina sai ruwan kwata ya shigo ya gaishe mu har tsakar ɗaki. Na san kun saba da labarin 'yan mata, wadda saurayi ya daina kira, wadda aka ƙi ɗora hotonta a waya. Ni na haura hamsin, ban taɓa zama a aji ba, ko sunana aka rubuta a bango wuce shi zan yi. Faɗa nake, maƙwabciyata Hapsatu tana danna waya, kuma na gaya mata idan ta sassauta min kalma ɗaya Allah yana gani. An ci min mutunci, haƙƙina nake nema.

Ku fara sanin ko ni wace ce. A unguwar nan ba a ɗaura aure sai an biyo ta wurina. Ni ba malama ba ce, turaren wuta da humra nake yi. Amma kakarmu ungozoma ce, a gindinta na tashi, duk gidan da aka haihu da ni ake shiga. Na san wa ya haifi wa, na san wa ya sha nonon wa. Kun dai san hukuncin: yaro da yarinya in sun sha nonon mace ɗaya, wa da ƙanwa ne, babu aure tsakaninsu har abada. A unguwa irin tamu da ɗaki ke jikin ɗaki, wannan ta tafi kasuwa ta bar jariri, waccan ta ji kuka ta ɗauka ta ba shi, in babu mai riƙe abin a kai sai a wayi gari an aura wa mutum ƙanwarsa. Aure uku na tsayar da bakina. Har yau akwai gidan da ba sa amsa sallamata, ni kuwa ko a jikina.

To, akwai yarinya. Sunanta ba ya fita daga bakina, Hapsatu ce za ta rubuta muku shi: Najiba. 'Yar farina ce. A gidanmu mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta cewa nawa ne. Haka uwarmu ta yi wa 'yar farinta Yaya Hawa'u, haka na tarar, haka na yi. Da na yaye ta, Yaya Hawa'u ta goya ta ta tafi da ita gidanta a Ndogpassi. Can ta girma. Hawa'u take ce wa Mama, ni kuma Inna Delu, kamar kowa. Ko takardar haihuwarta sunan Hawa'u ne a kai, don ita ta je ta yi mata lokacin shiga makaranta. Shekara uku ke nan da ta dawo wurina, saboda kantin maganin da take aiki a Akwa ya fi kusa daga nan. Shekarunta talatin da ɗaya. Kada ku tambaye ni abin da kunnena ya sha a gidajen suna. "Inna Delu, ke da kike duba auren kowa, na gida fa?" Sai in ce su tambayi uwarta.

Sai Allah ya kawo Dokta Abdulkarim.

Ba dokta mai allura ba. Malami ne a wata makarantar injiniyoyi can hanyar fita gari. Ɗan marigayiya Mairama ne, a layin nan aka haife shi, aka tafi da shi Garwa yana ƙarami, ya yi karatu har ƙasar Turawa ya dawo da tabarau da sanƙo. Dogo, shiru-shiru, kullum farar shadda mai ƙaramin aiki, takalmi a goge ko ana tsula ruwa. In ya shigo gidana durƙusawa yake, idonsa a kan ledar ɗaki har ya fita. Ranar da ya fara zuwa gaisuwa na tambaye shi abin da yake koyarwa.

"Baz de done, Inna."

"Da Hausa."

"Yadda ake adana bayanai a na'ura, a jera su, kowane ya san danginsa. Sai kuma yaren da ake yi mata tambaya da shi ta ba da amsa."

"Kamar me?"

"Kamar a ce mata, nuna min duk jiragen ruwan da suka shigo Duwala ranar Talata ɗauke da shinkafa. Sai ta nuna."

"To wannan ai aikina ne," na ce. "Ni dai mutane nake yi wa."

Ya ɗago kai. Ranar na fara ganin ƙwayar idonsa, kuma daga ranar tsiyar ta fara.

Sati bai cika ba ya dawo da kwalin 'ya'yan itace da roƙo. Wai ɗalibansa sun gaji da misalan littafi, kullum kanti da masu sayayya, barci suke yi masa a aji. Wai abin da ke kaina ya fi abin da ke cikin littattafan, in na yarda ya rubuta, yara su koyi aiki da shi, unguwa kuma ta samu tarihi. Ya ce zai canja sunaye, ba mai gane kowa. Ku faɗa min gaskiya, wace ce a cikinku dokta zai durƙusa ya ce mata kanta ya fi littafi, ta ƙi? Na yarda.

Asabar shida muka yi, bayan la'asar. Nakan saka leshina ruwan zuma, in turara ɗaki, in zauna a kujerar da ba na ba kowa. Shi kuma yana ƙasa da takardu kashi uku. Ɗaya ta mutane, kowa da lambarsa. Ɗaya ta wa ya haifi wa. Ɗaya ta wa ya shayar da wa. Na ce me ya hana ka haɗa su wuri guda ka huta?

"In an haɗa, maimaici zai yi yawa, Inna. A gyara nan a manta can. Kowace magana a faɗe ta sau ɗaya, a wuri ɗaya. Na'ura ce za ta ƙulla su."

Mutum ɗari shida da arba'in na zazzage masa daga kaina, da rayayyu da matattu. Yarinyar kuwa tana bayan labule, wai tana dafa shayi. Wayarsa ta yi ƙara a aljihu, tata ta yi ƙara a kicin. Gida ɗaya suke, taku biyar tsakaninsu, amma sai ta waya. Ni kuma in yi kamar kurma.

A Asabar ta biyu na ce masa, "Ai kai ma Yaya Hawa'u ta shayar da kai. Kwana tara, lokacin da zazzaɓi ya kwantar da Mairama a asibiti."

Biro ya faɗi daga hannunsa.

"Kwantar da hankalinka," na ce. "'Ya'yan cikin Hawa'u ne ƙannenka. Wadda kake zuwa dominta ba ta cikinsu. Na duba tun kafin ka cire takalmi a ƙofar nan."

Ya sauke ajiyar zuciya, ya rubuta a takarda ta uku.

A Asabar ta biyar aka zo kan gidana. Ranar mata uku na zaune, sun zo karɓar humra, ga Hapsatu, ga ita yarinyar tsaye da farantin makala, fankenmu na nan.

"Inna, 'ya'yanki nawa?"

"Huɗu. Zailani, Bashir, Hadija, Amadu."

Biro ya tsaya. Ya yi ƙasa da murya. "Najiba fa?"

"Ta Hawa'u ce. Rubuta ta can."

Me kuke so in ce? In buɗe baki a gaban surukina da baƙi in ce tawa ce? Ya san gaskiya, na san ya sani, bangon ɗakin ma ya sani. Duk mai hankali in ya ji wannan amsar sai ya ce to, ya je gida ya rubuta daidai. Shi kuma kunyar suruka ta hana shi musa min, ya sunkuyar da kai ya rubuta ta can, da niyyar wai zai gyara daga baya. Dokta guda. Ya manta. Ya kwashi takardun ya ba ɗalibai suka zuba a na'ura yadda suke.

Aka sa rana. Aka fitar da anko, atamfa shuɗiya mai zanen ganye, aka buga kati mai ruwan zinare. Saura sati uku, ranar Alhamis da hantsi, ina tsakar gida ina soya itacen turare, sai wayata ta kama kuka kamar an taka ta. Hotuna ne ke shigowa, duk iri ɗaya: bangon aji, an haska rubutu a kai. Ni da ba na karatu, na ɗauka katin biki ne aka sake yi. Sai ga Hapsatu ta faɗo gidan, ɗankwali a hannu.

Ga abin da ya faru. Dokta ya ba ɗalibai ɗari biyu aiki a aji: su rubuta wa na'ura tambaya, ta fito da duk namiji da macen da shayarwa ta haramta musu aure. Wai darasin ƙulla takarda da takarda ne, a ɗauko wadda ta haifa daga nan, a ɗauko wadda ta shayar daga can, a ga inda suka haɗu. Yara suka rubuta, aka haska amsa a bango. Layi goma sha ɗaya. Goma duk daidai suke, na san su ɗaya bayan ɗaya. Na sama kuwa, Abdulkarim ɗan Mairama da Najiba 'yar Hawa'u.

Sunayen da ya ce zai canja, bai canja ba. Wai ya ga babu ɗalibin da ya san mutanen New Bell. Ya manta da Mardiya, 'yar baffansa, tana zaune a layi na uku. Ta ɗauki hoto ta tura wa uwarta kaɗai, ta ce kada ta nuna wa kowa. Kafin azahar an kira ni daga Garwa, daga Yawunde, har daga Kano.

Bayan la'asar sai ga Alhaji Wakili, uban Mardiyar, ƙanin mahaifin Dokta, wanda zai karɓa masa aure. Mai fitar da kaya ne a tashar jirgin ruwa, mutumin da ko gaisuwa ya fi so a buga mata hatimi. Ya zauna a farar kujerar roba, na kawo ruwa ya ce Alhamdulillahi.

"Hajiya Delu, an dakatar da maganar nan."

"Wa ya dakatar?"

"Ni."

"Don bango ya yi magana?"

"Na'ura ba ta da abokin gaba a New Bell. Na kira yaron, ya ce kuskure ne. Na ce kawo takarda. Rubutun hannunsa ne: uwa, Hawa'u. Na ce wa ya faɗa maka? Ya ce ke. Na ce a kawo takardar haihuwa. Hawa'u. Hajiya, shekara talatin ina aikin tasha. In takarda uku suka ce shinkafa ce a kwantena, ba na cewa ƙila siminti ne."

"Duk unguwar nan an san gaskiya."

"Ni a Garwa nake lokacin. Ga ni zaune, faɗa min. Wa ya haife ta?"

Mata sun cika tsakar gidan, wai sun zo jaje, kowace ta buɗe kunne.

"Tambayi Hapsatu," na ce.

"Ke nake tambaya."

"Alhaji, kai ba ka da ɗan fari ne?"

"Ina da shi. Amma ni ban taɓa tsayar da auren 'ya'yan mutane uku ba. Bakinki ne hatimin unguwar nan, kuma bakinki ne ya ce ta Hawa'u ce. Inda aka ɓata can za a gyara. In ba haka ba, a mayar da kati."

Ya kaɗe babbar riga ya fita.

Saƙon murya ya shigo daga Dokta. "Inna, don girman Allah ki gafarce ni, laifina ne, yanzu zan goge." Na mayar masa da na minti huɗu. Ba zan sa Hapsatu ta rubuta shi duka ba, amma na taɓo sanƙon, na taɓo tabarau, na taɓo ƙasar Turawan da ta koya masa tona asirin gidajen mutane a bango. Na'urar ma na ba ta rabonta, ita da wanda ya ƙera ta.

Ashe yarinyar ta dawo daga aiki, tana tsaye a bakin ƙofa da farar rigarta, jaka a kafaɗa.

"Inna, ki daina zagin na'ura. Abin da kika faɗa ta maimaita."

"Ke ma bayansa za ki bi?"

"Ina tsaye da faranti a hannu kika faɗa."

"Al'ada ce, kin sani."

"Na sani. Shekara talatin da ɗaya ina sani."

Ta shige ɗaki. Ba ta yi kuka ba, da ta yi ma da ya fi min sauƙi. Miyar ndole da na ajiye mata haka ta kwana a rufe. Kwana uku tana fita tana dawowa, gaisuwa kawai ke haɗa mu. Atamfar ankon da tela ya aiko tana kan akwati, ko ledar ba ta buɗe ba.

Ranar Litinin na ci ado. Lafaya ja mai duwatsu, sarƙata ta zuwa biki, humrar da ba na sayarwa. Na aika wa Alhaji Wakili cewa za ni inda aka ɓata, ya zo ya gani. Ya ce yana da kwantena, amma Mardiya za ta ɗauka ta turo masa. Na hau benskin, ana yayyafi, ɗan mashin yana kutsawa tsakanin manyan motoci ina karanto duk addu'ar da na iya. A ƙofar makarantar mai gadi ya tare ni.

"Mami, you di find who?"

"Dokta mai sanƙo."

Bai ƙara tambaya ba, ya nuna min gini.

Aji ne kamar filin ƙwallo, kujeru hawa-hawa har sama, kowane yaro da na'ura a gabansa. Ga bangon da ya ci min mutunci, fari tas, an haska shi. Ga Dokta yana zuba Faransanci, yana zana akwatuna a allo yana haɗa su da layi. Ashe yana da murya. A gidana sai ka kasa kunne kafin ka ji shi.

Na yi sallama da ƙarfi. Ya juyo. Alƙalamin allo ya suɓuce masa, kuma kafin ya yi tunani jikinsa ya riga shi: ya durƙusa har ƙasa a gaban ɗalibai ɗari biyu. Aji ya kwashe da dariya.

"Tashi," na ce. "Ba gaisuwa ta kawo ni ba. Wannan abar ta yi min ƙarya a gaban yaran nan. A gabansu za ta janye."

"Inna, na riga na goge layin."

"Gogewa ai ɓoyewa ce. Dawo da shi, ta faɗi gaskiya da bakinta."

Sai ya juya wurin ɗalibai ya hau bayani. Faransancina na kasuwa ne, bai kai nan ba. Mardiya ta sauko ta tsaya kusa da ni, waya a ɗage, tana raɗa min fassara, kunya kamar ta nutse.

Wai yana ce musu kuskuren daga tsarinsa ne. Ya yi gurbi ɗaya tak na uwa, alhali a wurinmu uwa uku ce: wadda ta haifa, wadda ta shayar, wadda ta riƙe. Wai na'ura ba ta ƙarya, kuma ba ta san kunya ba. In tsarinka bai bar wa gaskiya wurin zama ba, mutane za su ajiye ta inda ba nan ba ne, ranar da ka yi tambaya ka kwashi kayanka. Ya tambaye su yadda za a gyara. Hannuwa suka tashi, wani ya ce a buɗe takarda ta huɗu, ta riƙo. Yaran da ya ce barci suke yi masa, ga su har tsalle suke. Na ce a raina, wato ni ce darasin yau. Na zo karɓar haƙƙi, an mai da ni alli.

Ya kira wata ɗaliba ta zauna a gaban babbar na'urar, siririya mai gajeren gashi da gicciye a wuya, daga gani ita ce gwanar ajin. Sannan ya matso kusa da ni, ya koma ƙaramar muryarsa ta gidana.

"Inna, sai an sa sunan wadda ta haife ta."

"Ai ka sani. Sa."

"In na sa da kaina Baffa zai ce ni na shirya. Kuma na'ura ba ta karɓar kowa ya sani."

Ya miƙo min abin magana. Na dubi yaran nan, 'ya'yan mutanen kudu, Hausar ma ba ji suke ba. Na dubi wayar Mardiya, wadda na san New Bell kaf na cikinta. Na tuna uwata, da ta mutu ba ta taɓa kiran sunan Hawa'u ba. Na tuna kwanon ndole a rufe. Na karɓi abin maganar.

"Ni na haifi Najiba," na ce. Muryata ta fito daga kowane lungu na ajin. "Ranar Laraba da hantsi, ana ruwa, a ɗakin kakata. Kwana biyu ina naƙudarta. Najiba tawa ce."

Sau biyu. Ban san sunan yana da daɗin faɗa haka ba.

Ɗalibar ta danna, aka sake yin tambayar. Layi goma sha ɗaya ya koma goma. Aji ya ɗauki tafi har da buga tebur. Mardiya ta tura hoton nan take, tana share ido. Na gyara lafayata, na dubi bangon sama da ƙasa. Ka ji yadda ake yi, na ce masa a raina.

Da na juya a lokacin na fita, da yanzu wani labarin nake ba ku.

Gwanar ajin ta ɗaga hannu. Wai a sabuwar takardar riƙo akwai gurbin da ba a cike ba: tana da wata nawa aka tafi da ita? Ni kuwa bakina ya riga ya buɗe, jin kaina nake kamar gwamna.

"Wata goma sha biyar," na ce. "Cikin Zailani ya shigo da wuri, dole na cire ta."

Ta rubuta. Sai kuma, irin ta yaran da suka fi malaminsu zaƙewa, ba wanda ya sa ta, ta ƙara wata tambayar: nuna 'ya'yan Hawa'u da lokacin haihuwarsu. Ni ce na ba da su duka. Bango ya jero su. Na ga Dokta ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Mene ne?" na ce.

Mardiya ce ta amsa, a hankali. "Inna, Rilwanu ɗan Hawa'u. Watansa huɗu lokacin."

Ba sai an fassara min wannan ba. Yaya Hawa'u tana goyo, nono cike. Aka kai mata yarinya 'yar wata goma sha biyar, ba ta kai shekara biyun da shari'a ta yanke ba, an cire ta da ƙarfi, tana kukan nono. Ɗaki ɗaya. Da irin wannan na tsayar da aure na biyu cikin ukun nan, kuma na tuna abin da na ce wa uwar yarinyar ranar: wace mace ce za ta ji wannan kukan ta hana?

"Inna," in ji Dokta da Hausa, bai bari abin maganar ya ɗauka ba. "Mama Hawa'u ta ba ta?"

Mutum ɗari shida da arba'in. Na san wanda ya sha kwana tara, na san wanda ya sha sau ɗaya a motar Yawunde. Duk matar da ta yi goyo a unguwar nan na titsiye ta na tambaye ta. Amma ta yaya zan je in tambayi yayata labarin yarinyar da ko sunanta ba na kira? Ranar da aka tafi da ita ma ban raka su ƙofa ba, kada a ce na damu.

"Ban taɓa tambaya ba," na ce.

Ya sunkuya ya danna wani abu da kansa.

"Me ka sa?"

"Nul."

"Da Hausa."

"Ba a sani ba. A yaren nan amsa uku ce, Inna: e, a'a, da ba a sani ba. Wanda ba a sani ba, na'ura ba za ta jera shi cikin haramtattu ba. Amma ba ta ce halal ba."

Ɗalibai suna ta murna, ba su ji komai ba. Wayar Mardiya ta yi ƙara, ta kunna mana. Muryar Alhaji Wakili ce, ana jin ƙugin manyan motoci a bayansa: "Alhamdulillahi, magana ta fito daga mai ita. Biki yana nan ranarsa. A gai da Hajiya." Hoton da Mardiya ta tura a kan tafi ya tsaya. Abin da ya biyo baya mu uku kaɗai muka ji shi. Muka dubi juna. Dokta ya raka ni har bakin titi cikin yayyafi, takalminsa ya yi kaca-kaca da taɓo, bai ko duba ba.

A gindin wata rumfa na kira Yaya Hawa'u sau uku, ba ta ɗauka ba. Na bar mata saƙon murya. "Yaya, tambaya ɗaya. Lokacin da kika tafi da yarinyar nan tana kuka, da me kika rarrashe ta?"

Na iso layinmu da la'asar na tarar da guɗa. Matan da suka zo jaje ranar Alhamis su ne suka zo barka, da bakin da komai. Na ratsa su na shiga ɗaki. Najiba na zaune a bakin gadona. Ta baro aiki da wuri, ta buɗe ledar tela, ta saka ankon. Shuɗin ya karɓe ta, ɗinkin ya zauna ɗas. Wayarta na hannunta, muryata ce ke fita daga ciki.

"Sau nawa kika saurara?" na ce.

"Ban ƙirga ba." Ta yi dariya, hawaye na zuba. "Kwana biyu, Inna? Ba wanda ya taɓa faɗa min."

"Taurin kai kika zo da shi tun daga ciki."

Na zauna. Ta zame ta ɗora kanta a cinyata, mace mai shekara talatin da ɗaya, ɗankwalin ya zame. Hannuna ya rasa inda zai sauka. Daga baya na ɗora shi a kan kitsonta, na ji ashe gashinta irin nawa ne, mai tsauri a ƙeya.

Wayata ta yi ƙara a cikin lafaya. Ni duk saƙona na murya ne, kuma a fili nake kunna shi, ban san wata hanyar ba. Yatsana ya danna kafin hankalina ya iso.

"Delu," in ji Yaya Hawa'u, muryarta ƙasa-ƙasa, kamar wadda ta rufe ƙofa kafin ta fara. "Na ji saƙonki. Shekara talatin ina jiran ki yi min tambayar nan. Ke kaɗai ce a wurin?"

Na danne shi ya tsaya. A waje ana ta guɗa.

Najiba ba ta ɗaga kanta daga cinyata ba. Ta dai kama yatsan nawa ta ɗauke shi daga kan wayar.

"Bar shi ya ƙarasa, Inna," ta ce.